Jatau Mai Fenti Ya Zana Wata Tsafe

Jatau mutumin Kucheri ne, sana'arsa zane a bayan manyan motoci a tashar Tsafe. Wata rana 'yarsa Mansura, wadda ke sakandare, ta nuna masa wani labarin zane a waya, inda matattu suka tashi suna farautar mutane, wani jarumi kuma yana ceton gari.

Ta ce, "Baba, me ya sa jaruman nan ba sa zuwa irin garinmu?"

Washegari ya tattaro takardun buhun siminti, ya zana wata Tsafe ta daban. A can, matattu sun tare hanyar Gusau, wata mai tallar fura kuma tana tashi sama tana kwashe mutane.

Yayansa Hamidu ya ce, "Da furfurarka kake zanen gawa?"

Jatau ya ce, "Yaya, yaran nan sun riga sun san tsoro. So nake su ga wadda ta tsaya ta cece su."

Da damina rumfarsa ta yi yoyo, ruwa ya lalata rabin aikin. Ya gyara kwanon, ya sake zanawa daga farko. Yanzu matasa kan taru wurinsa bayan la'asar, suna kallon zanen suna gardamar hanyar da ta fi dacewa a bi a tsira daga matattun.