Soson Wanka a Tankin Motar Taubashina

Wahala dai mun sha ta a kan motar nan, kuma ba wanda ya aike mu. Walda nake yi a gareji a Gusau tun ina saurayi har yau da bayana ya ƙi miƙewa, amma ban taɓa aikin da ya ci mini rai kamar tankin motar taubashina ba.

Ɗan goggona ne, mutumin Bungudu, direban haya. Yana da wata tsohuwar mota da ya cire wa kujerun baya da gilasai, ba ya ɗaukar kowa da ita, ta tsere ce kawai. A lokacin, in an gama girbi an kwashe kara, direbobin Gusau da na Tsafe da na Bungudu kan haɗu a wani fili bayan gari, a yi ta zagayo wata ƙatuwar tsamiya ana dawowa. Masu rake da masu awara su cika wurin. Ba a ba wanda ya ci komai, sai dai ya shekara in ya shiga tasha ana ɗaga masa hannu.

Taubashina bai taɓa ci ba. Kullum wani dogon direba ɗan Tsafe ke wuce shi, kuma kullum a kwanar tsamiyar nan. Tankin ni na ƙera masa da fallen ƙarfe, muka ɗaure a but ɗin bayan motar. A miƙe lafiya lau. Da ya karya kwana sai man ya kwashe ya koma gefe guda, tiyo ya zuƙi iska, injin ya kama tari. Kafin ya farfaɗo, na Tsafe ya yi gaba yana danna masa oda.

Shekarar da nake magana, Goggo ta sa shi ya rantse daga wannan ya daina. Ta ce ta gaji da zaman dardumar salla duk ranar da ta ji kukan injin. Ke nan in bai ci a wannan karon ba, ya gama.

Hanya biyu ce. Ko in yanke tankin in yi masa shinge daga ciki, ko a cusa masa soso. Ban so yankan ba. Tankin da ya sha fetur, ko ka cika shi da ruwa ba ka amince masa da wuta, na san wani a garejinmu da har yau ba shi da gira. Zancen soso kuwa wani ɗan kudu mai shagon kayan mota ya kawo shi. Ya ce masu tsere a ƙasashen waje haka suke yi, soson ya riƙe mai kada ya yi ta yawo, amma nasu na musamman ne, shi ma bai taɓa riƙe shi a hannu ba.

Washegari sai ga taubashina da rabin katifarsa a bayan mashin.

Na ce, “Taubashi, matarka ta san ka yanka?”

Ya ce, “Gefena na yanka. Kai dai cusa.”

Na ƙi. Na samo kwalabe wurin ’yan bumburutu, na zuba fetur, na jefa gutsuren katifa a ɗaya, soson kujerar mota a ɗaya. Don tsiya kawai na jefa soson wanka na raga a ta ƙarshe, irin wanda ake saidawa a dunƙule a kasuwa. Bayan ’yan kwanaki na katifa ya kumbura ya fara marmashi, na kujera ya yi yauƙi. Da mun cusa su da sun toshe matatar mai tun kafin a tashi. Na wanka kuwa ko a jikinsa.

Muka shiga kasuwa muka kwashe na wata tsohuwa kaf. Ta tambaye mu ko gidan wanka za mu buɗe. Na wuni ina tura su ta bakin tanki da sanda, ja da kore da ruwan ɗorawa, har yatsuna suka sale.

Ranar tseren da sassafe ya gwada. Ya shiga kwanar tsamiya injin bai ko yi gyaran murya ba. Daɗi ya kama shi, ya yi ta zagayawa kamar wanda aka biya, sai da na tare shi da hula. Tankin ba shi da agogon mai. Mu dama da karan dawa muke awo, a zura a zaro a ga inda ya jiƙe. Ya zura karansa ya zaro, jiƙe har wuya. Na gani da idona, ni ma na gyaɗa kai. Ko ɗayanmu bai tuna karan ya ratsa ta cikin jiƙaƙƙen soso ba ne, ko da ɗigo ya rage a ƙasa haka zai fito.

Aka tashi. Zagaye bayan zagaye taubashina na gaba. A tsamiya ya wuce na Tsafe, ya danna masa oda doguwa, mutanen Bungudu suka yi ta jifa da huluna sama. Ni ban san lokacin da na cire takalmi ina bin gefen fili a guje ba. A zagayen ƙarshe, ya fito kwana lafiya, ana hango layin toka da aka ja na ƙarshen tsere, motar ta yi shiru. Ta gangara a hankali ta tsaya. Na Tsafe ya wuce, kuma a ranar bai yi oda ba.

Na iske shi zaune riƙe da sitiyari. Ya ce, “Amma ka ga yadda ta sha kwanar ga?”

Na ce na gani. Na Tsafen da kansa ya ɗaura igiya ya ja mu zuwa gida. Goggo na ƙofar gida, ta dube shi ta dubi motar, ya ce mata ya cika alkawari. Kuma ya cika. Yanzu ba mai taruwa a filin, hanyar ma sai da addu’a ake bin ta, shi kuma ciwon suga ya zaunar da shi.

Daren a Bungudu na kwana. Da safe na kwance tankin, na huda gefensa sama da ƙasa da injin hannu, na sa guntun tiyo mai garai-garai yadda daga waje za a ga iyakar mai. Na san ba mai ƙara hawan motar. Na mayar na ɗaure, na wanke hannu, na hau motar Gusau.