Kalmar da Na Goge a Faifan Balkisa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Balkisa ta shigo ɗakin aikina ta tambaye ni abin da na riga na goge ba. Ku sabbin shiga da kuke ganin na cika tsanani a kan ajiyar sauti, har kuna ce mini Baba Ajiye a bayan idona, na sani sarai, ai da kunne nake cin abinci. To, ku zauna ku ji mafarin abin.

A lokacin ni ne teknisiyan na gidan rediyon nan namu na Dogon Dutsi, wato ni ke ɗaukar sauti, in haɗa, in gyara, kafin ya fita. Darektanmu, Malam Amadu, yana da doka guda: duk abin da aka ɗauka, a kwafe ɗanyensa a kile daban, wato ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kafin a sa masa hannu. Ɗanye shi ne sauti yadda ya shiga mikoro, ba a yanke ba, ba a tace ba. Ni kuwa na daɗe a aikin, kai ya kumbura, ina ganin dokar ta 'yan koyo ce.

Bayan an gama yankan hatsi wasu matasa uku suka zo neman a ɗauki faifansu na farko. Balkisa, 'yar Dogon Kiriya da ta gama lise, wato sakandare, ita ke waƙa. Bulus yana kaɗa gita, a majami'a ya koya. Ma'azu tela yana buga ƙwarya. Suna kiran kansu Inuwar Gawo. Ba su da ubangida, ba su da mai ɗaure musu gindi, kuma ko attajiri ɗaya ba su wasa a waƙarsu. Na ce a raina, waɗannan da yunwa za su kwana.

Da suka fara gwaji a ɗakin aikina, sai na kasa kunne. Gitar Bulus ba ta ihu, a hankali take tafiya, ƙwaryar Ma'azu na biye da ita kamar takun jaki mai komawa gida. Balkisa kuma ba ta ɗaga murya, sai ka ce kai kaɗai take wa magana. Waƙoƙin a kan jiran mota a tasha ne, da wan da ya tafi cirani bai aiko ba, da guga da ya faɗa rijiya. Malam Amadu ya leƙo, ya saurara, ya ce, "Sani, ka ɗaukam musu."

Balkisa ta ce ita a gidansu take so a ɗauka, a nan muryarta ke sakewa. Muka hau motar kasuwa zuwa Dogon Kiriya, sau biyu muna sauka muna turi a cikin yashi. A rumfar tsakar gida na kafa kayana da hantsi. Mikoro biyu na sa: ɗaya kusa da mawaƙan, ɗaya can gefe a jikin zana don ya kwaso amon wurin.

Bayan zanar nan mahaifiyarta, Inna Dije, tana daka. Ta amsa gaisuwarmu, ta aiko mana da fura, amma ko kallon inda ɗiyarta take ba ta yi ba. Balkisa ɗiyar fari ce. Kun san halin iyayenmu na da: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna masa so a gaban mutane. "Ke" ce sunanta, ko "yarinyar can". Balkisa ta ce mini cikin dariyar da ba ta kai ciki ba, "Kawu Sani, ni har yau ban san ko Inna na son waƙagga tawa ko ƙi takai ba."

Muka ɗauki waƙa bakwai kafin la'asar. A ta bakwai wayar mikoron kusa ta mutu ban lura ba, sai na gefe kaɗai ya ɗauka.

Da na dawo na zauna haɗawa, na ji abin da mikoron gefe ya kwaso: taɓarya, kaji, akuya, da muryar tsohuwa tana amshi ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma ba daidai ba. A ƙarshen waƙa ta uku wata maƙwabciya ta yi sallama da ƙarfi, sai na ji Inna Dije ta ce mata cikin raɗa, "Yi sannu, Balkisata na waƙa."

Na ji fa. Da kunnen nan nawa na ji. Kuma ni ma ɗan fari ne, har uwata ta bar duniya ban taɓa jin "Sani" a bakinta ba. Amma ranar nan ba ɗan kowa ne zaune a kujerar ba, teknisiyan ne mai son a ce faifan ƙauye ya fito tas kamar na birni. Na ce hayaniya ce. Na cire mikoron gefe daga waƙa shida. Ta bakwai ba yadda zan yi, na bar ta ina jin kunyarta, na tura ta can ƙarshen faifai. Bayan sati biyu ordinatar, wato kwamfutar aikina, ta cika, ga shirin manoma yana jira, sai na goge ɗanyen gaba ɗaya. Ban kwafe a kile ba.

Faifan ya fita, ya karɓu fiye da zatona. 'Yan kabu-kabu suna sa shi, masu shayi suna sa shi, daga Tibiri har Sukukutane ana bugo waya a ce a maimaita. Abin da ya ba ni haushi, waƙa ta bakwai aka fi nema. Wata mata ta ce mana a waya idan ta ji ta, sai ta ga kamar tana tsakar gidansu. Na ce mutane dai ba su san aiki ba.

Farkon damina Inna Dije ta kwanta ciwo kwana uku, Allah ya yi mata rasuwa. Na je gaisuwa na dawo. Bayan sadakar bakwai, wata safiya ina gyaran waya, sai ga Balkisa a bakin ƙofa. Ta rame, muryar ta dishe.

Ta ce, "Kawu, ina ɗanyen ɗaukar da munka yi gida?"

Na ce, "Mi za ki yi da shi, ɗiyata?"

Ta ce, "Maƙwabciyarmu ta ce mini ran nan Inna ta kira sunana. Ta ce kusa da mikoronka Inna take tsaye. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauki muryarta ba, ko a waya. So guda nike so in ji."

Jama'a, na sha ganin tashin hankali a aikin nan, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Na buɗe ordinatar ina dube-dube, alhali na san babu. Na zazzage akwatin kile, na san babu. Ƙarshe na juyo na ce, "Balkisa, na goge. Ba wuta ba ce, ba na'ura ba ce. Ni ne da hannuna."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta ce, "Amma kai ka ji?"

Na ce na ji.

"To yaya ta faɗe shi?"

Na buɗe baki. Kalmar na riƙe, amma muryar fa? Ni da na yi shekara da shekaru ina sarrafa muryoyin mutane, na kasa. Na faɗa da wannan gwangwanin maƙogwaron nawa, ta girgiza kai kawai.

Sai na sa mata abin sauraro a kunne, na kunna waƙa ta bakwai, na ɗaga sautin bayan zana iyakar yadda na'ura za ta iya. Babu suna a ciki. Taɓarya ce kawai tana sauka daidai da ƙwarya, da muryar tsohuwa tana bin ɗiyarta a baya-baya. Balkisa ta dafe kunnuwan da hannu biyu, hawaye na zuba. Sau huɗu na maimaita mata. Waƙar da na kasa gyarawa ita kaɗai ta rage mata.

Malam Amadu bai rubuta mini takardar gargaɗi ba. Ya ce, "Sani, ban da abin da zan ƙara maka." Gaskiya ya faɗa.

Don haka idan na tsaya a kanku sai kun kwafe ɗanye, ba tsufa ke damuna ba. Mutanenmu ba sa faɗin abin da ke ransu a gaban mikoro, a bayan zana suke faɗinsa, kuma sau ɗaya. Kafin ka kira abu hayaniya, ka tambaya muryar wa ce. Balkisa ta yafe mini, har yau Kawu take ce mini. Amma sau ɗaya tak uwarta ta kira sunanta, kuma ba ita ta ji ba, ni na ji.