Koren Layi a Kufan Rugarmu

Wallahi abin nan da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba. Shekarar da na gama jami'a ne, ina koyarwa a wata makaranta a Kabo, ina zaune wurin kakata Inna a Gwarzo. Ni kuwa akwai son ɗaukar hoto, musamman lokacin sanyi. Ranar Asabar da sassafe sai in saka rigar sanyi, in rataya kyamara, in shiga mota in sauka duk inda raina ya so, in ɗauki raɓa a kan ganyen tumatir, ko shanu a tsaye tururi na fita daga hancinsu.

Da hotuna suka yi yawa sai na rubuta wata 'yar manhaja a kwamfutata, don nishaɗi kawai. Aikinta ta nemo fuska a cikin hoto, ta zagaye ta da koren layi, ta kai hoton jakar mai fuskar a cikin kwamfutar. Ta Inna daban, ta ɗalibaina daban, tawa daban.

Mahaifiyata wajen haihuwata ta rasu, a tsohuwar rugarmu da ke bayan Kutama, kuma ko hoto ɗaya ba ta bari ba. Kawai dai ana ce mini kamarmu ɗaya. Sau nawa na tsaya gaban madubi ina neman ta!

To wata Asabar sai na je kufan rugar. Babu komai sai tsamiya da duwatsun murhu guda uku, ciyawa ta bushe a tsakaninsu. Na ɗauki hotuna biyar na juyo. Ba kowa a wurin, ko akuya babu.

Da hantsi na zuba su a kwamfuta, sai manhajar ta ɗauki ɗaya ta kai jakata, jakar fuskata. Na buɗe, ga koren layi a gefen murhu, daidai inda kan mutum zai kai in yana zaune, amma cikinsa ciyawa ce kawai. Na ce kuskure ne, ai ni na rubuta ta, na san shirmenta, ta taɓa ɗaukar kabewa a matsayin mutum. Na sake gwadawa har sau uku, nan dai take mayar da layin. Na yi ta ƙara wa hoton haske har idona ya kawo ruwa, ko zan ga gira, ko gefen kunne.

Inna ta leƙo ta ce, "Ke 'yar boko, kununki ya huce, me kike ta leƙe?"

Na nuna mata. Mahaifiyata 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta taɓa kira a gabana ba. Can ta ce, "Nan take zama ta kaɗa nono." Sai ta dube ni. "Kin yi sallama da za ki shiga?"

"Inna, kufai ne fa."

"A wurinki ba. Kin faɗa wa uwarki gida kamar ɓarauniya."

Asabar ta gaba tare muka je. Na tsaya daga bakin tsamiya na yi sallama da ƙarfi, muka yi mata addu'a, na sake ɗaukar hotuna. Muna dawowa na gwada sababbin, babu layi. Na gwada tsohon, shi ma babu, kuma Allah shaida ne ko harafi ɗaya ban taɓa a manhajar ba.

Na fashe da kuka na ce, "Inna, kin sa ta tafi ban gan ta ba."

Ta ce, "Ke ganinta kike so. Ita kuwa ba ta taɓa jin muryarki ba sai kukan haihuwa. Yanzu ta ji."

Har yau ban san me manhajar nan ta gani ba. Ku masu yawo da kyamara, don Allah in kun zo kufai, ko da duwatsu uku ne suka rage, ku yi sallama kafin ku ɗaga ta.