Illo, Maɗorin Tauraron Fadama

Illo ya gaji ɗori wurin kakansa, kuma kafin ya yi furfura da wuya a sami gida a Badagishiri da bai taɓa kama ƙashin wani a cikinsa ba. Wanda ya faɗo daga amalanke, wanda raƙumi ya kayar, duk zaurensa ake kai su. Abu ɗaya ne ba ya so, ƙwallo. Yakan ce ina dalilin mutum da hankalinsa ya je ya karya ƙafa a kan fatar da aka hura wa iska.

Shekarar da samari masu lambun albasa suka kafa ƙungiyar Tauraron Fadama, sai ga su ɗaya bayan ɗaya, wannan targaɗe, wancan gocewar ƙashi. Da ya gaji da ganin ana kawo su a kan babur ƙafa na lilo, ya ce gara ya je filin da kansa. Haka ya fara zama a gefe da tabarmarsa da karare da man shanu, yana ta mita.

Ƙungiya ta yi ƙarfi, ta yi rajista, ta fara zuwa Malbaza da Tawa. Aka haɗa su da wata ma'aikaciyar jinya, Fatouma, Bazabarma da aka turo aiki garin. Da farko ba sa ga maciji da Illo. Daga baya suka raba aiki, ita rauni, shi ƙashi, abin da ya fi ƙarfinsa kuwa ta kai asibiti.

Ranar da za su kara da wata ƙungiya ta Konni, wanda ya ci ya hau rukuni na sama, Illo ya lura Awal, wanda ya fi kowa cin ƙwallo, yana ɗan ɗingishi yana ɓoyewa. Ya kira shi, ya bi ƙwaurinsa da yatsa. Awal ya cije leɓe.

"Ba ya shiga," in ji Illo.

Maman Sani, mai horar da su, ya durƙusa gabansa. "Baba, minti ashirin kaɗai."

"Ko guda. Ƙashin ga ya tsage, in an ka taɓa shi sai ya rabe biyu."

Da ya ga za su rinjaye shi, sai ya jawo takalman Awal ya zauna a kansu. Duk filin babu mai iya ɗaga dattijo. Aka ci su ɗaya da nema.

Mako guda mutanen da ya ɗora da hannunsa suna wuce zaurensa ba sallama. Abin ya ci masa rai, har matarsa A'i ta ce tuwo ma sai ta matsa masa. Fatouma ce ta kai Awal Konni aka ɗauki hoton ƙafar. Ranar kasuwa ta tsaya wurin mai shayi inda magoya baya ke taruwa, ta ɗaga hoton sama saitin rana, kowa ya ga tsagar kamar zare. Da la'asar Maman Sani ya zo zaure ya cire hula.

"Zauna," in ji Illo. "Kai ma kahwaɗar nan taka ba ta yi mini ba."

Awal ya warke. Bayan shekara uku ƙungiyar ta hau, kuma shi ya ci ƙwallon. Shekara ɗaya suka yi a sama suka sauko, don rabin 'yan wasan sun tafi cin rani ba su dawo ba.

Yanzu idon Illo ya yi rauni, Awal ne ke horar da ƙungiyar, shi ke ɗauko shi a babur duk ranar wasa. Tsofaffin 'yan wasa sukan zo gaishe shi, wasu da furfura. Ba ya riƙe suna, sai ya kama hannun mutum ya laluba har ya kai inda ya taɓa ɗora masa, ya yi dariya ya ce, "A'a, mai gwiwar hagu! Ina iyali?"