Ba zan goge katun ɗin Yaya Ishaya ba

Da safen nan ina cikin jirgin tram zan tafi aiki, Saratu ta kira ni. Mijinta Yaya Ishaya ya rasu.

Har na wuce tashata ban sani ba.

Waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai zana katun ɗin Hausa da muke sakawa a shafin nan duk Disamba. Ɗan Zonkwa ne, Kirista. Ni Bamaraɗe ne, Musulmi, kuma ni ne muryar jakin nan mai bakin tsiya na cikin katun ɗin.

Shekarar da na zo Lyon karatu, a jirgin ƙasa na metro ya ji ina Hausa a waya. Ya dubi 'yar rigata ya ce sanyin garin nan zai kashe ni kafin jarrabawa, ya cire kot ɗinsa ya ba ni.

Naman Kirsimeti kuwa wurin mahaucin Larabawa na Vénissieux yake sayowa, don kada ɗayanmu ya zauna yana kallon tukunya.

A gidansa na Minguettes muke ɗaukar murya. Maƙwabta ba sa raga mana da hayaniya, sai ya tura ni cikin kabad ɗin tufafi da makirufo ya rufe. Ina zufa a tsakanin zannuwan Saratu ina kukan jaki, shi yana waje dariya na neman kashe shi.

Kun dai ga abin da yake zanawa. Makiyaya na rera waƙar Kirsimeti suna juyi kamar 'yan fim ɗin Indiya. Masanan nan uku na gabas masu kai kyauta a labarin Kirsimeti sun maƙale a layin sabunta takardun zama a Bobigny, turarensu a leda. Jakina ya karɓe amshi ya mai da shi rap irin na yaran unguwa.

Ya sha zagi a kai. Wasu dattawan cocinsu na Paris suka ce ya mai da waƙar Ubangiji wasan yara. Nawa mutanen suka ce me ya kai Musulmi bakin waƙar Kirsimeti. Shi dai ya ce waƙoƙin nan a bayan uwarsa ya koye su, ba wanda zai koya masa girmama su.

Ranar Lahadi na je asibiti duba shi. Ya rame ƙwarai, amma bakin na nan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, in na tafi za su so su mai da ni wani salihin dattijo. Don Allah kada ka bari."

Ashe ya san mutanensa.

Gawarsa ba ta bar asibiti ba, saƙo ya fara shigo mini. Wai in goge bidiyoyin kafin jana'iza, a wanke masa suna. Wani ma cewa ya yi in goge don in wanke nawa.

To ku ji da kyau. Sunan Yaya Ishaya ba datti gare shi ba, balle a wanke. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda ko "ina kwana" sai an matsa musu, a katun ɗinsa suka fara dariya da Hausa. Lokacin kuna ina?

Na tambayi Saratu, don ita ke da iko. Ta ce in na taɓa ko guda ɗaya, kada in ƙara taka mata gida.

Katun ɗin bana bai gama shi ba, rabi da launi rabi babu. Haka zan saka shi ranar Kirsimeti. Wanda abin ya ɓata wa rai, ƙofa a buɗe take.

Wallahi na yi rashin yaya, kuma zuciyata ciwo take.

Ina roƙonku, na coci da na masallaci, kowa ya sa shi a addu'a yadda ya iya. Allah ya ba Saratu da yara haƙuri. Allah ya sa ya tarar da sauƙin da ya fi wanda muka yi masa a nan.

Ku ce amin.