Yadda Kakana Ya Kusa Kayar da Ni Jarrabawa

Duk lokacin da na ji ƙamshin fensirin da aka feƙe da reza, sai na tuna shekarar da muka shirya wa jarrabawar shiga sakandare. Baba ya riga ya yanke magana: in na ci, makarantar kwana; in na faɗi, ga garma tana jirana.

Kakana mutum ne da bai taɓa haɗuwa da bare ba. Ka bi shi kasuwar Ƙanƙara, kafin ya sayi gishiri ya gano mai gishirin jikan wata gwaggonsa ne da ta yi aure a Faskari. Har wani mai gyaran keke daga Sabuwa sai da tsohon ya mayar da shi ƙaninsa, don kawai kakanninsu sun taɓa shan ruwan rijiya ɗaya. A hannun wannan tsoho na tashi.

To, sai malaminmu na Turanci ya ce a sashen kalmomi ba lallai a sami mai ma'ana daidai ba, mu dai nemi 'yar uwar kalmar da aka ja wa layi. Na ce a raina, ai wannan sana'ar gidanmu ce.

Ranar gwaji aka ba mu kalma mai nufin gajiya. A ƙasa ga kasala, ga barci, ga yunwa, ga noma. Kasala 'yar uwa ce. Barci kuwa ɗanta ne. Noma shi ya haife ta, yunwa kuma tare suke dawowa daga gona. Wa zan yanke wa zumunci? Na cike duka huɗun, haka na yi har ƙarshen takarda. Sifili na ci, na koma gida ina kuka.

Tsohon yana sassaƙa ƙota a gindin ɗorawa. Ya saurare ni, ya yi dariya har da tari.

"Wanga malami bai ƙarasa maka karatu ba," ya ce. "Duka danginta ne, ba ka yi ƙarya ba. Amma in ta mutu yau, wa ka gadonta?"

"Kasala," na ce.

"To mi ya kai ka raba wa 'yan gaisuwa gona?"

Da wannan na shiga jarrabawar gaske. Kowace kalma sai na kashe ta, na nemi magajinta. Na ci, aka kai ni makarantar kwana kafin a yanke gero.

Yau ni ke koyar da wannan sashe, kuma yara suna gane maganar gado fiye da bayanin littafi. Sai dai zumunci ya koma waya, mutane suna shakkar hanya saboda rashin tsaro. Abu ɗaya ke ci mini rai har yanzu. Ina aji biyu tsohon ya rasu, labari bai same ni ba sai bayan sadakar uku. Mai gishiri da mai gyaran keke ne suka ɗauki makararsa, ni magajin ina can ina karatu.