Mai Kwalba da 'Ya'yansa na Cikin Faranti

Ƙanin kakarki, wanda kuke ce wa Mai Kwalba, duk rayuwarsa wankin kwalabe ya yi a wani ɗakin gwaji. Aikin mutanen wurin shi ne gano abin da ke cutar da mutum a hankali, sai bayan shekaru a gani. Ƙwayoyin jikin ɗan'adam suke reno a faranti, cikin wani akwati mai ɗumi. Su ɗiga musu abin da ake zargi, kwamfuta ta duba yadda suka ji jiki, ta faɗi abin da zai sami mai amfani da shi idan ya tsufa.

Wata rana shugabarsu, wata mai tabarau, ta nemi wanda zai ba da ɗan guntun fata. Shi ya fara miƙa hannu, don ya ji ana ba da shayi bayan an gama.

Da aka nuna masa ƙwayoyin fatarsa ta madubin nan mai ƙara wa abu girma, ya ga sun hayayyafa sun cika faranti.

"Wancan na gefe, kunnena sak," in ji shi.

Daga ranar kullum da safe sai ya leƙa akwatin ya ce, "Kun tashi lafiya, 'yan baba?"

Ana nan aka kawo wani man shafawa da mutane ke gunaguni a kansa, aka ce farantinsa za a ɗiga wa. Bawan Allah ya faki ido, ya zubar da rabin kwalbar, ya cika ta da ruwa. Ƙwayoyin ko gezau. Kwamfuta ta ce man nan lafiya lau, a shafa har tsufa.

Ya koma gida yana fahariya 'ya'yansa sun ci jarrabawa. Ashe matarsa man nan ta daina shafawa saboda tsoro. Washegari ta sayo ƙaton gwangwani, tana laftawa har gwiwar hannu.

Ya ɓoye shi a bayan kujera, ta gano. Ya ce wari yake yi.

"Maigida, ba kai ka ce na'urarku ta wanke shi ba?"

Abinci ya daina shigarsa. Idan ya yi shiru, ƙila man ya cuce ta. Idan ya yi magana, aikinsa ya tafi. Ƙarshe dai ya je ya tsaya a bakin ofishin shugabar yana murza hula.

"Ranki ya daɗe, idan mutum ya ƙara wa abu ruwa don tausayi, kwamfuta tana ganewa?"

Ta cire tabarau. "Tausayin wa?"

"Jinina ne fa."

Aka sake gwaji, wannan karon aka kulle shi a waje. Ƙwayoyin suka yamutse, kwamfuta ta ce man yana taɓa ƙoda idan aka daɗe ana shafawa. Ba a kore shi ba, amma aka mayar da shi sharar baranda, aka hana shi matsawa kusa da akwatin.

Matarsa ta ji labari duka, ta jefa gwangwanin a shara, ta goge hannu.

"Wato tsakanina da faranti sai da ka tsaya shawara."

"Shawarar ai ba ta daɗe ba."

"Rabin gwangwani na shafe."

Ya ce bari ya duba ko ya bar famfo a buɗe.